Tsohuwar a-kori-kura mai jan baya, za ta iya komawa mai ogzilari?

"Assalamu alaikum oga, dan Allah ina da tambaya. Ina da tsohuwar Hilux ta 1986 mai dizal, wacce tayoyin baya kawai ke ja, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa shi yasa bana so in rabu da ita. Inji lafiya lau, bodi ma ba laifi, matsalarta ɗaya da an yi ruwa sai ta dinga kafewa a hanyar gona, ko ɗan caɓi ne sai kaga tayar baya ɗaya tana ta juyawa a banza. Wani yace min in nemi giyabos na mai ogzilari a ɗaura mata shikenan ta koma mai jan ƙafa huɗu. Gaskiya ne? In gaskiya ne me da me zan nema?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Idan na fahimce ka tambayarka biyu ce a haɗe, ta farko shin ana iya mayar da mota mai jan baya ta koma mai jan ƙafa huɗu, ta biyu kuma shin giyabos kaɗai ya wadatar. Ta farko eh ana yi, na yi da hannuna ba sau ɗaya ba. Ta biyu a'a, wanda ya faɗa maka haka ko dai bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba ko kuma giyabos ɗin ne yake dashi a ajiye yana neman mai saye. Akwai kuma ta uku da baka yi ba amma ita ce ta fi damuna, wato ko ogzilarin ne ma maganin kafewar da motarka ke yi, zan zo kanta a gaba.

Aikin nan ba sabon abu bane. A Amurka kafin Ford da Chevrolet su fara ƙera a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu da kansu, wasu ƙananan kamfanoni ne ke karɓar mai jan baya su mayar da ita, Marmon-Herrington suna yiwa motocin Ford tun shekarun 1930, NAPCO kuma suna sayar da kayan haɗin na Chevrolet da GMC a shekarun 1950. Sai a 1959 Ford ta fara yin nata a masana'antarta. Toyota ma sai a 1979 ta fito da Hilux mai ogzilari. Toh amma waɗancan motocin Amurka na shekarun 1930 zuwa 1950 duk aksil ɗin gabansu ƙarfe ne guda miƙaƙƙe a kan sifirin na ganye, ka kwance wanda baya ja ka ɗaura mai ja a gurbinsa, aiki ya yi sauƙi. Taka ba haka take ba, kuma a nan gizo ke saƙa.

Me ke ƙarƙashin mai ogzilari wanda babu a taka

A motarka ƙarfin inji yana shiga giyabos, daga giyabos farfela ta ɗauka ta kai difa ta baya, difa ta raba wa tayoyi biyu, magana ta ƙare. Tayoyin gaba aikinsu juya kan mota da ɗaukar nauyin inji kawai. A mai ogzilari akwai wani ƙaramin akwatin giya manne a bayan giyabos, tiransfa kes muke ce masa, shi ke raba ƙarfin gida biyu, farfela ɗaya ta yi baya ɗaya ta yi gaba, kuma a cikinsa ne giyar ƙarfi take wacce ke sa mota ta dinga rarrafe kamar kunkuru amma tana iya tuge kututture. A tsohon tiransfa na Toyota giyar ƙarfin nan 2.28 ce, wato tana rage gudu fiye da ninki biyu ta ƙara ƙarfin ja daidai haka. Toh ita farfelar gaban ina za ta kai ƙarfin? Dole akwai difa a gaba, da shaf guda biyu masu gaɓa da za su iya juya taya alhali kana murɗa sitiyari, da hob a tsakiyar rim wanda ake kullewa ko a buɗe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a gaban motarka, babu ma wurin da aka tanada musu.

Kaga kenan ko an ɗaura maka giyabos mai tiransfa, bakin gabansa zai tsaya yana juyawa a iska ne. Kuma ba a iya manna tiransfa a jikin giyabos ɗinka na yanzu haka nan, don wutsiyar giyabos na mai jan baya doguwa ce da shaf dogo, na mai ogzilari gajere ne an yi masa fuska ta ɗaurin tiransfa. Ko dai ka canza giyabos ɗin dungurungum wanda shi yafi sauƙi, ko a farke naka a canza shaf da wutsiya, ko a sa tiransfa mai zaman kansa a tsakiyar shasi da ƴar gajeriyar farfela tsakaninsu kamar yadda tsofaffin Ford F-250 suke kafin ƙarshen shekarun 1970.

Shasi shi ne alƙali

Duk wanda ya kawo min irin wannan aikin bana fara duba inji ko giya, ƙarƙashin gaba nake leƙawa, saboda shasin ne zai gaya maka aikin sati biyu ne ko na wata shida. Motoci kala uku ne a wannan fannin. Akwai waɗanda kamfani ya yi musu shasi ɗaya da mai jan baya da mai ogzilari, difa da tiransfa kawai aka cire, kamar Tacoma PreRunner da ire-iren Hilux da Ranger na baya-bayan nan masu tsayi amma jan baya, waɗannan ramukan noti ma suna nan suna jiranka, aikin kusan kwance ka ɗaura ne. Akwai na tsakiya kamar Ford F-150 daga 1980 zuwa 1996, gaban mai jan baya da na mai ogzilari tsarinsu ya yi kama sosai har ana musanya su ba tare da walda mai yawa ba. Sai na uku waɗanda shasin ya sha bamban tun daga masana'anta, misali Chevrolet na 1973 zuwa 1987, mai harafin C jan baya ne gabansa sifirin nannaɗaɗɗe, mai harafin K kuma aksil miƙaƙƙe a kan sifirin ganye, sunan ɗaya bodi ɗaya amma ƙasan ba ɗaya ba.

Hilux ɗinka a kaso na uku take, gara in faɗa maka tun yanzu. Je ka ƙirga notin taya, zaka ga biyar ne, na mai ogzilari shida ne. Gabanta kowace taya zaman kanta take a kan hannuwa sama da ƙasa da sandar toshan, wato sandar ƙarfe da ke murɗewa tana aikin sifirin, motar a ƙasa take, kuma ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji yana zaune daidai inda difar gaba ya kamata ta zauna. Don haka in za a yi aikin a kan wannan shasin sai an yanke duk waɗannan maƙalan an goge wurin fes, a yi waldar sabbin maƙalan sifirin ganye gaba da baya, a ɗaura aksil miƙaƙƙe, a canza akwatin sitiyari ko mazauninsa da tayarod, a yi sabon mazaunin shokozoba. Kaskon baƙin mai ma sau da yawa sai an canza shi tare da bututun da ke zuƙo mai a ciki, in ba haka ba ranar da ka faɗa rami da gudu difa za ta daki kaskon daga ƙasa, mai ya tsiyaye kana tafiya baka sani ba.

Bayan ma bata tsira ba. Gaba ya ɗaga ya koma noti shida, dole baya ta ɗaga ta koma noti shida, sai dai in kana so ka dinga yawo da safaya biyu, kaga an shigo da canjin aksil na baya kenan. Farfelar baya za a rage mata tsawo don tiransfa ya cinye wuri, kuma a kaita a daidaita ta a na'ura ba a yanka a liƙa da ido ba. Ƙarfen da ke riƙe giyabos zai canza, salansa za ta kauce wa farfelar gaba, za a huda ƙasan bodi saboda sandar ogzilari, wayar sifidomita za ta koma bayan tiransfa, tiyon birki na gaba sai an sa masu tsawo. Ƙananan abubuwa ne ɗaya-ɗaya amma su ke cinye lokaci, mota ta yi wata uku a kan jak saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba.

Wani abu da masu tsintar kaya ɗai-ɗai ke faɗawa ciki, difar gaba ba a tsakiyar aksil take ba, tana gefe guda, kuma bakin tiransfa dole ya sauko ta wannan gefen. Tsohon aksil miƙaƙƙe na Toyota difarsa a dama take, tsofaffin Chevrolet ma dama, Ford yawanci hagu. Ka sayi aksil mai kyau da tiransfa mai kyau amma ɗaya na dama ɗaya na hagu, toh ka sayi kayan ado.

Haƙoran difa, inda akafi yin asara

Nan zan ɗan daɗe don shi ne kuskuren da baya nuna kansa sai an gama aiki an biya kuɗi. Kowace difa tana da lissafin haƙoranta, babban faifai da ƙaramin da ke juya shi. In babban yana da haƙora 41 ƙaramin 10, lissafin 4.10 kenan, farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. In 41 da 9 ne 4.56, in 39 da 8 ne 4.88. Tsohon tiransfa irin wanda za a sa maka ba shi da difa a tsakiya, da ka ja sandar ya kulle farfelar gaba da ta baya suna juyawa daidai wa daida, don haka dole lissafin difar gaba da ta baya su zama ɗaya. A ce gaba 4.10 baya 4.56, tayoyin gaba za su so su riga na baya da kusan kashi 11 cikin ɗari, gaba na ja baya na tirjewa, kuma wani abu dole ya bada kai, ko taya ta dinga gurzar ƙasa ko haƙori ya karye.

An taɓa jawo min wata da aka yiwa aikin a wani gareji, aikin walda tsaf gwanin sha'awa wallahi, mai motar yace a cikin yashi lafiya take amma da ya hau ƙasa mai tauri da ogzilari sai ta dinga ƙugi tana tsalle kamar an riƙe mata wutsiya, sandar kuma ta ƙi fita, rana ta uku ya ji ƙas. Da muka zare magudanar man tiransfa abin da ya fito kamar an zuba garin azurfa a ciki, har da gutsuren haƙori guda biyu manne a jikin notin. Muka ƙirga, gaba daban baya daban. Babu wanda ya ɗauki minti goma ya duba kafin a ɗaura.

Kuma dubawar ba wuya. Ɗaga taya ɗaya a jak ɗayar tana ƙasa, giya a firi, ka sa alli a jikin taya da jikin farfela, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela, abin da ka samu shi ne lissafin difar. In ta juya huɗu da ɗan kaɗan 4.10 ce, huɗu da rabi da ɗoriya 4.56, ta kusa biyar 4.88. Kada ka yarda da abin da aka rubuta da fenti a jikin aksil, mota mai shekara kusan arba'in baka san hannu nawa ya buɗe ta ba. Tayoyi huɗun ma girmansu ɗaya, don taya babba a baya ƙarama a gaba daidai take da difa mabambanta. Ko komai ya daidaita, irin wannan ogzilarin ba na kan kwalta bane, a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa, a caɓi ko yashi taya za ta ɗan zame ta huce, a kwalta babu zamewa sai ƙarfe ya murɗe.

Sai kusurwar aksil ɗin gaba. In mai walda ya kafa mazaunin sifirin ya karkata aksil ɗin don farfela ta miƙe, zai iya cinye ƴar kwanciyar baya da ake baiwa gaɓar sitiyari, ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. In ta tafi motar za ta dinga yawo a titi, wani lokaci ka taka ɗan rami a guje gaban gaba ɗaya ya kama karkarwa har sai ka tsaya. Wannan ba maganar jin daɗin tuƙi bace, maganar rai ce, shi yasa waldar shasi da sitiyari bana baiwa yaro koyo.

Kafin ka yanka komai

Mu koma kan abin da ka faɗa da bakinka, kace tayar baya ɗaya ke juyawa a banza. Wannan halin difa ce ta gama-gari, tana baiwa tayoyin biyu ƙarfi daidai, kuma iyakar ƙarfin shi ne abin da tayar da tafi santsi za ta iya riƙewa, in ɗaya ta hau caɓi ta zame ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa bata samun abin kirki. Ma'ana a wannan lokacin motarka ba ma mai jan ƙafa biyu bace, ƙafa ɗaya take ja. Ga kuma a-kori-kura in ba kaya bayanta fayau yake, nauyin duk yana kan gaba inda ba a ja.

Da ni ne kai ga abin da zan fara. Tayoyi masu manyan haƙora na caɓi a baya, don rabin motocin da ake kawo min da kukan kafewa tayoyinsu sun suɗe kamar tafin hannu. Ka ɗora nauyi daidai kan aksil na baya, ko buhunan yashi ne guda uku huɗu. In za ka shiga wuri mai laushi ka rage iskar taya ta ɗan baje, ka riƙe famfo a mota ka mayar in ka fito. Sannan babban, a sa maka loka a difar baya ko a ƙalla difa mai rage zamewa, loka tana kulle tayoyin biyu su juya tare ko ɗaya tana sama tana lilo. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, ba yanka ba walda, motar baba tana nan yadda ya barta. Na sha ganin mai jan baya da loka da tayoyi masu kyau ta wuce inda mai ogzilari da suɗaɗɗun tayoyi ta zauna. Ba ina cewa daidai suke ba, a hawan tudu mai santsi ko yashi mai zurfi ko inda gaba ya nutse, jan ƙafa huɗu daban ne, kuma loka bata baka giyar ƙarfi. Amma hanyar gona da ɗan caɓi kamar yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton a nan matsalarka za ta ƙare.

In ka gwada kuma ka dage sai ogzilari

Toh kada ka sayi kaya ɗai-ɗai, nemi mota guda cikakkiya mai ogzilari ta zamanin taka, wacce ta yi hatsari ta sama ko injinta ya buga ko tsatsa ta cinye bodinta amma shasi lafiya. A cikinta akwai duk abin da na lissafa har da ƙananan ƙarafan da ba za ka taɓa tunawa da su ba, kuma difar gaba da ta baya tare suka fito daga masana'anta. Daga nan maimakon a yanka shasinka, sai a ɗage bodin motar baba da injinta a ɗora a kan wancan shasin. Aikin yafi tsafta nesa ba kusa ba, don sitiyari da sifirin da birki duk lissafin injiniyoyin kamfani ne ba na mai walda ba. Ka auna tazarar tayar gaba da ta baya a motocin biyu kafin ka biya, akwai dogon shasi akwai gajere, ka kuma gwada mazaunan bodi ɗaya bayan ɗaya. Ka sa guduma ka bubbuga shasin musamman wajen maƙalan sifirin na baya, in ka ji sauti ya mutu ko ɓawon tsatsa na zubowa, bar shi.

Sai dai lambar shasi tana jikin shasi, ranar da ka canza shi a idon hukuma wataƙila wata motar ce daban, ƙa'idar kuma kowace ƙasa da tata, don haka ka je wurin masu rajistar mota da masu inshora ka ji abin da suke buƙata kafin a kwance noti ɗaya, ka kuma karɓi takardun waccan motar a hannu. Ka sa a ranka cewa motar za ta ƙara nauyi fiye da kilo 100, za ta ƙara shan mai, ta ƙara tsayi da tauri a kan hanya, ga ƙarin wuraren giris da mai da za ka dinga bi. Kuɗin kuma in ka haɗa motar da za a cire kaya da aikin hannu da abubuwan da za su ɓullo a tsakiya, a yawancin ayyukan da na gani ya kan kai ko ya wuce abin da zaka cika in ka sayar da taka ka sayi mai ogzilari ta asali. Ga wanda motar ba komai bace a wurinsa cewa nake sayar kawai. Kai naka daban ne tunda ta baba ce, wannan kuma ba bakanike ne zai yanke maka ba, sai dai ka tambayi kanka in an canza shasi da giyabos da aksil biyu, me ya rage na motar da ya tuƙa banda bodi da inji da kujera.

Ni dai ban ga motar ba, duk abin da na faɗa a kan yadda ka siffanta ta ne, kuma tsohuwar mota bata rasa abin mamaki a ƙarƙashinta. Ka ƙirga notin tayar, ka yi gwajin allin nan ka gaya min juyi nawa ka samu, ka ɗauko min hoton ƙarƙashin gaba daga ɓangaren dama da hoton haƙoran tayoyin baya, da wannan zan iya gaya maka irin lokar da za ta shiga difarka.